Rasuwar Malam Badamasi Ƙi-Faɗi Ba Shiri Ba Ce

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da ba a tambayarSa dalili, Ƙungiyar Masoya Kokawar Zamani ta Hausawa Mazauna Riyad, ƙarƙashin jagorancin shugabanta, Alhaji Arzika Maraɗi, tana sanar da 'yan'uwa na nan Saudiyya da na gida Najeriya da Nijar cewa ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ta, kuma jagoran shirinta na murya mai suna Bakin Fage, wato Malam Badamasi Shakir Ƙauran Namoda, wanda masu sauraro suka fi sani da Ƙi-Faɗi. Allah Ya karɓi abinSa da hantsin Talata, 5 ga Rajab 1440, daidai da 12 ga Maris 2019, bayan ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aikinsa da ke Birnin Masana'antu na Biyu. An sallace shi ranar Alhamis bayan la'asar a Masallacin Al-Rajhi, aka binne shi a maƙabartar Nasim. Ya rasu yana da shekara arba'in da shida, ya bar mahaifiyarsa, Hajiya Turai, da matarsa, Malama Hajjo, da 'ya ɗaya, Muhibba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wannan ne karo na biyu da muke sanar da wannan rasuwa, domin a karo na farko dariya aka yi mana.

Marigayin ya zo wannan ƙasa shekara goma sha tara da suka wuce, ya fara da tuƙin babbar mota, har kafilinsa, wato uban gidan da iƙamarsa, takardar izinin zama, take hannunsa, ya ga amanarsa ya damƙa masa kula da sito. Shi ne ya tara mu a 2014, lokacin da muke kallon kokawar Turawa, wadda muke kira resilin, kowa a ɗakinsa kamar mai aikata laifi, ya ce tunda ba sata muke yi ba, mu haɗu mu kalla tare. Daga nan ne, bayan 'yan shekaru, aka samu shirin Bakin Fage, wanda muke ɗauka duk Juma'a da yamma a falonsa na unguwar Al-Suwaidi, da waya ɗaya da aka jingina a jikin butar shayi, mu tura a WhatsApp. Shiri casa'in da bakwai muka yi. Direbobi sun saurare shi a kan hanyar Dammam, masu gadi sun saurare shi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, har ɗaliban jami'a da suke ce mana ɓata lokaci ne, mun san suna ji a ɓoye, don su ne suke fara gyara mana kuskure.

Yau ƙungiya ta ga ya wajaba ta faɗi abin da marigayin ya roƙe mu mu rufe muddin yana raye. Duk mai kallon resilin ya san ba a yin ta sai da mugu da nagari, wanda za a yi wa ihu da wanda za a yi wa tafi. Badamasi ya ce shirinmu ma haka zai zama, ya ɗauki muguntar ya bar mini kirkin. Shi ne Ƙi-Faɗi mai kushe gwanin kowa, mai katse mutum a tsakiyar magana, wanda ko an kama shi da kuskure dumu-dumu sai ya ce kunnen mai sauraro ne da matsala. Ni kuwa, mai sa hannu a wannan takarda, ni ne mai haƙuri da sanyin murya da kuke yi wa addu'a. To ku sani, mafi yawan maganganun hankalin da kuka ji a bakina, shi ya rubuta mini su a bayan takardun sito, ya kuma koya mini inda zan yi shiru in bar shi ya ji kunya. In aka kashe waya, shi ne mai tashi ya zuba wa kowa shayi. Shi ne mai barin aikinsa ya raka baƙon da bai iya Larabci ba zuwa asibiti, ya zauna a benci har a sallame shi. Da yawa daga cikinku ya raka, kun gode wa Malam Badamasi da rana, kun zagi Ƙi-Faɗi da yamma, wasu ma sun san mutum ɗaya ne, abin bai dame su ba.

Ba mu taɓa ƙorafi a kan zagin ba, shi ma bai taɓa yi ba. In saƙonnin zagi suka yi yawa, murna yake yi, ya ce shirin wannan mako ya shiga. Mun san halin mutanenmu. Mutane ne da za su ɓata yini guda suna gardama a kan wani ɗan jaridar kokawa na can Amurka, wai mai girman kai ne ko mai gaskiya ne, wannan mai shirin yana da hassada, wancan yana da son a sani, mutanen da ba su san kuna duniya ba, ba ku taɓa cin abinci kwano ɗaya da su ba, amma kun yanke wa halinsu hukunci daga murya kawai. Wannan duk wasa ne, mun yarda da shi a matsayin wasa. Abin da ya faru makon jiya kuwa ya wuce wasa, kuma ƙungiya ba za ta rufe baki a kansa don a ce tana da kawaici ba.

Da azahar ɗin Talata na tura sanarwar rasuwa a zaurenmu na WhatsApp mai mutum ɗari huɗu da 'yan kai. Kafin in ajiye waya, hotunan dariya sun fara sauka. Wani ya ce wannan karon mun iya shiri. Wani ya ce a shiri na ɗari za a ji ya faɗo da ihu, a rubuta a ajiye. Muka tura takardar asibiti, aka ce haɗa ta aka yi a kwamfuta. Shugaban ƙungiya, dattijo mai furfura, ya yi magana da muryarsa yana kuka, wani marar ta-ido ya amsa masa da cewa Alhaji ma ashe ya iya fim. Har aka samu wanda ya ce ba zai yarda ba sai an buɗe likkafani an ɗauko masa hoton fuska. Subhanallahi! Gawar Musulmi ce fa, mijin wata, uban wata, ba ɗan kokawar da aka jefo daga kan igiya ba.

Ranar Alhamis muka sanar da masallaci da lokaci, sau uku. Mutum bakwai ne suka zo daga cikin ɗari huɗu. Alhamdu lillahi, masallaci ya cika da bayin Allah da ba su san shi ba, Larabawa da Pakistanawa da sauransu, suka sallace shi kamar yadda suke sallatar kowa. Amma da aka zo ɗaukar makara, wani Basudane abokin aikinsa ya kama kusurwa ɗaya, yana tambayarmu ina Hausawan da marigayin yake yawan ba shi labari. Muna tambayarku, ku da kuka ce dawam, wato lokacin aiki, ya riƙe ku, alhali ran kallon kokawa kowa yana samun izinin fita: ko da a ce ƙarya muka yi, me za ku rasa in kun zo, ban da ku samu sallar la'asar cikin jam'i?

Ƙungiya ba za ta wanke kanta ba, ni kuma ba zan ɓuya a bayan ƙungiya ba. Bara, gab da zuwan manyan 'yan kokawa wannan birni, mun fitar da wata takarda da ta fara da irin kalmomin da wannan ta fara, muka ce an kori Ƙi-Faɗi daga shirin, an buga masa bizar fita ba dawowa. Kuka yi ta murna. Bayan mako uku ya faɗo tsakiyar shiri yana ihu, kuka ce ba a taɓa yin shiri mai daɗinsa ba. Ni na rubuta waccan takarda, sunana ne a ƙasanta, kuma na yi ta alfahari da ita. Ashe amanar sa hannuna na kashe a kan abin dariya, ranar da na buƙace ta na neme ta na rasa. Na tuba ga Allah, ina neman gafarar iyalin marigayin. Sai dai ko a wancan wasan ba mu ambaci mutuwa ba, ba mu ja Inna lillahi ba, kuma duk wanda ya zaci za mu yi wasa da ayar Allah don a saurari shirin kokawa, ya raina mu, ya raina addininsa.

Da a nan abin ya tsaya, da mun haɗiye. Amma wani ɗan ƙungiya, mutumin Ƙaura, wanda muka sakaya sunansa saboda darajar iyayensa, ya tura wa ƙanensa saƙo gida cewa kada kowa ya tayar da hankali, shiri ne irin na bara. Ƙanen ya ɗauki ƙafa har gidan su marigayin, ya tarar an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa, ya shiga wajen Hajiya Turai, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, ya yi mata albishir cewa ɗanta yana nan da rai. Muna kyautata zaton alheri ya nufa. Hajiya ta share hawaye, ta sa aka naɗe tabarmi, ta sallami masu gaisuwa, ta yi wa ƙanen marigayin, Malam Inuwa, faɗa a kan ya daina yi wa yayansa kukan mutuwa. Na kira ta da kaina, ta ce ai ta gane ni, ni ne mai takardar bara. Malama Hajjo, wadda take cikin takaba a ɗaki ɗaya da 'yarta, ta daure ta kira surukarta tana kuka, amsar da ta samu ita ce: “Hajjo, har da ke aka sa a wasan nan?”

Yau kwana bakwai ke nan. Uwa ba ta yi wa ɗanta addu'ar mamaci ba ko sau ɗaya, domin an gaya mata yana raye. Ba mu da kabari mai suna da za mu ɗauka a hoto mu aika mata, don kowa ya san kaburburan ƙasar nan duwatsu biyu ne kawai, babu rubutu. Tana zaune da waya a gefen tabarmar sallarta. Wannan shi ne abin da dariyarku ta haifar, kuma wallahi muna jin zafinsa fiye da zafin mutum bakwai a jana'iza.

Saboda haka ƙungiya ta yanke shawara kamar haka. An rufe shirin Bakin Fage daga yau, babu na casa'in da takwas, balle na ɗari da wasu suke jira. Wanda ya aika wancan saƙo zai sa ƙanensa ya koma gidan da ƙafarsa, tare da limamin unguwa, ya warware abin da ya ƙulla, in kuwa ya ƙi, za mu faɗi sunansa. Sauran 'yan ƙungiya kuma, ana karɓar gaisuwa a gidan marigayin da ke Al-Suwaidi tsakanin la'asar da magariba har zuwa Juma'a. Kada wanda ya zo ya tsaya yi mana bayanin yadda aka yi ya zaci shiri ne, mun ji wannan ya ishe mu. Ku zo ku yi addu'a ku tafi. Ni kuma wannan ce takarda ta ƙarshe da zan sa wa hannu da sunan ƙungiya.

Muna godiya ga kafilin marigayin, wanda ya tsaya a kan takardun jana'iza har aka gama, ya kuma yarda iyalin su zauna har Malama Hajjo ta fita takaba. Muna roƙon Allah Ya jiƙan Malam Badamasi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa zagin da ya sha don ya faranta wa baƙi rai a ƙasar da ba tasu ba ya zama kaffara a gare shi, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Malama Hajjo da Muhibba da Malam Inuwa da dukkan dangi haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari cikin albarka.

A ƙarshe, muna roƙon Malam Inuwa ya karanta wa Hajiya wannan sakin layi a hankali, yana zaune kusa da ita. Hajiya, kina da gaskiya da kika ƙi yarda da ni, don na taɓa yin ƙarya da alƙalamina. Kada ki yarda da ni, ki yarda da abin da kika sani game da ɗanki. Shekara goma sha tara yana kiranki duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bara, a makonni ukun da ya ɓuya wa duniya, ina zaune a gefensa duk Juma'a ukun, na ji yana gaishe ki, yana tambayar ciwon gwiwarki. Ya iya ɓuya wa mutum ɗari huɗu, amma bai taɓa iya ɓuya miki ba. Juma'ar da ta wuce wayarki ba ta yi ƙara ba, Hajiya. Ni na shiga kabarinsa, da hannuna na kwantar da shi ta gefen dama. Ki ajiye wayar nan, ki sa a mayar da tabarmi, ki yi wa Badamasi addu'a, ita yake jira.

Sa hannu:
Maiwada Jibrin Funtuwa
Kakakin Ƙungiyar Masoya Kokawar Zamani ta Hausawa Mazauna Riyad
Talata, 12 ga Rajab 1440, daidai da 19 ga Maris 2019