Ni Na Kai wa Gara Kantar Garmaho

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe. In kun gama kuka ga zagin ya dace, na ɗauka. Ni matar aure ce a Tanut, shekarata takwas a ɗakin miji, kuma da hannuna nake rubuta wannan, albarkacin ajin yaƙi da jahilci, don babu mahaluƙin da zan iya zaunarwa ya rubuta mini irin wannan magana.

Maigidana ma'aikacin biro ne, wato ofishin gwamnati. Ba ya duka, ba ya barin mu da yunwa, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Ciwonsa ɗaya ne, kayan sauti. Bara waccan ya je Damagaram ya dawo da garmaho da rediyo da kwalin faifai, ya tsaya tsakar gida yana ta waige-waigen inda zai aza su, sai idonsa ya faɗa kan kantar jerena. Kantar da aka kawo ni da ita, wadda na jera kwanukana da tasoshin da na gada wurin innata, Allah ya jiƙanta. Ya ce aro ne na kwana biyu. Na sauke jerena da hannuna, na zuba a buhu na tura ƙarƙashin gado, aka ɗauki kanta aka kai ɗakinsa. Wace mace ce za a shiga ɗakinta a ga bango tsirara ba ta ji kunya ba? Na haɗiye, na ce haƙuri ai shi ne aure.

Kwana biyu suka zama wata biyar. Ya sayo lasifika, kanta ta yi kaɗan. Ya sa aka ɗoro masa katako a mota daga Damagaram, ya kira wani tsohon kafinta na unguwarmu, zan ce da shi Baba. Shi ne ma ya ƙera kantar tun farko lokacin aurena. Baba ya ƙara mata hawa uku: na ƙasa na batir, na tsakiya na garmaho, na sama na rediyo, da wani lungu inda faifai za su tsaya a tsaye don kada zafi ya lanƙwasa su. Maigida ya wuni yana aza kofin ruwa a kai yana leƙe wai ko ta karkace, yana cusa takarda ƙarƙashin ƙafa. Ni tun da nake da shi bai taɓa duban fuskata haka ba ko ina zazzaɓi.

To sai gara ta ɓullo a bangon ɗakin. Abokansa suka ce a janye kantar daga bango, a tsoma ƙafafunta huɗu cikin gwangwani da kananzir, gara ba ta ƙetare shi. Ya ce gwangwanin kifi a gaban baƙi? Allah ya kiyaye. Ya shiga ɗakina, ya jawo buhu, ya zaɓi tasoshi huɗu na jan ƙarfe. Na innata. Matar nan shekara nawa ta yi tana suyar ƙuli a Tarka kafin ta haɗa su, ko fura ba ta yarda a dama a ciki ba. Na ce, "Maigida, ka dubi Allah, na inna ne." Ya ce, "Ke, kwano ai kwano ne. Can ƙarƙashin gado wa ke ganinsu?" Baba kafinta yana durƙushe da guduma, ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba na ƙasa ba ne. Bari in samo maka wasu." Maigida ya ce aiki aka kira shi, ba shawara ba. Kuma don cikon wulaƙanci, ni aka ɗora wa ƙara kananzir duk Juma'a.

Ranar na daina kuka, na fara lissafin ramuwa. Ni ɗiyar manoma ce, na san gara fiye da yadda ya san garmahonsa. Ba na bari tasoshin su bushe, ko sau ɗaya. Amma na samo guntun karan gero, na soke shi ta baya, kai ɗaya jikin bango, ɗaya jikin katako, inda ido ba ya kaiwa. Kullum in na zo shara sai in yayyafa ruwa gindin bangon. In gara ta gina hanyarta inda za a gani, in sa tsumma in goge tas, in bar mata ta ɓoye. Wata bakwai ina kiwonta kamar mai kiwon kaji. Yana zaune yana kaɗa ƙafa yana jin kiɗa, ni kuwa ina ƙwanƙwasa katako da farce ina jin yadda cikinsa ke zama fanko. Ina jin kunyar faɗa, amma wallahi daɗi nake ji.

Wata Lahadi bayan la'asar ya tara abokan aikinsa, ya sayo sabon batir mai nauyi irin na mota, ya aza. Ina bakin murhu na ji ruguzowar. Faifai suka tarwatse kamar an saki tulu, hannun garmaho ya karye, rediyo ya tsage biyu. Ya fito yana salati hannu a ka. Ni kuwa na cusa bakin zanena a baki, aka ɗauka kuka nake. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, na ce a raina, yau ka ji abin da na ji.

Abin da ban lissafa ba shi ne inda zai juya. Ya ce Baba ne ya sace katakon Damagaram ya musanya masa da ruɓaɓɓe mai gara a ciki, in ba haka ba ta ina ta shiga, ga kananzir cike? Ya kai ƙara gaban sarki. Ya yi magana a biro aka karɓe aikin bencinan lakwal, wato makarantar boko, da aka ba tsohon. Mutumin da ya tsufa a garin nan ba a taɓa jin ya ɗauki allurar wani ba, yanzu in ya wuce kasuwa sai a bi shi da ido.

Shekaranjiya Baba ya zo duba ɓarnar, maigida na tsaye a kansa yana ta faɗa. Baba ya ɗaga katakon baya, sai ga karan nan, gara ta lulluɓe shi da ƙasa. Na ga ya gani. Ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi. Sai ya dunƙule karan a hannu ya zura aljihu. Da zai fita ya ratsa ta gabana ya ce a hankali, "Ɗiyata, kwashe tasoshin innarki ki wanke, sun sha wuya." Ya wuce abinsa.

Ran Alhamis za a zauna shari'a gaban sarki. Maigida ya ce ni ce shaidarsa, zan dafa Alƙur'ani in rantse cewa tasoshin nan ba su taɓa bushewa ba. Kuma gaskiya ce, ba su taɓa ba. In na rantse ban yi ƙarya ba, amma da bakina za a tabbatar wa tsohon nan sunan ɓarawo, shi kuwa na san ba zai fito da karan ba. In na faɗi sauran, aurena ya mutu, kuma maigida zai zama shi ne wanda aka zalunta a idon duk Tanut, abin da zuciyata ta ƙi ɗauka ke nan har yanzu. Kada ku ce in yi nadamar garmaho, ban yi ba, gobe ma aka sake zan sake. Amma mutum ɗaya ne tak ya buɗe baki ya kare innata a ɗakin nan, kuma shi na tura rami.

Jama'a, saura kwana uku. Me zan yi?