Da Hannun Hagu Nake Rubuto Miki

Fatakwal

Yaya Ivie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Mama, kumburin ya sauka?

Kada munin rubutuna ya tayar miki da hankali. Lafiyata ƙalau, hannun dama ne kawai aka ɗaure.

Malamarmu ta adabi ta sa mu rubuta labari. Nawa a kan wani yaro ne da 'yan ƙungiyar asiri suka matsa wa ya shiga, ya ƙi. Aka karanta a aji. Ashe Tamuno, wanda muke ɗaki ɗaya, ɗan irin wannan ƙungiyar ne. Ana tashi shi da 'yan ƙungiyarsu suka tare ni a bayan ajin. Babbansu ya ce, "Marubuci, yaronka jarumi ne ko? Bari mu gwada ubansa." Suka danne hannuna a kan bulo, suka miƙa wa Tamuno katako. Ya ce, "Efosa, don Allah ka ce ka shiga, mu wuce." Na girgiza kai. Ya runtse ido ya sauke min, na ji ƙarar yatsuna.

Na bar ɗakin, ina zaune wurin fastonmu. Ki aiko min da man ɗorin nan na gida, amma kada Mama ta ji, za ta ce in dawo Binin.

Malama ta ce idan ina tsoro in sauya ƙarshen labarin kafin a buga shi a mujallar makaranta. Yaya, lokacin da na rubuta yaron ban san ko zan iya abin da ya yi ba. Yanzu na sani. Ko harafi ɗaya ban taɓa ba.

Allah ya tsare min ku.

Ƙaninki,
Efosa