Motar Haƙa Kabari

Litinin, 18 ga Disamba
Bayan jana'izar yau na wanke motar haƙa kabari da tiyo mai ƙarfi, kamar kullum. Ba na son ƙasar wani kabari ta kwana a jikinta. Mimoun, abokin aikina a maƙabartar jama'armu, ya ce, "Si Abdeslam, alwalar ta isa haka, sai dai ka ja ta salla." Na ce masa tsabta ba abin wasa ba ce.

Laraba, 27 ga Disamba
Famfon man motar yana kuka. Na buɗe tanki, man ya koma fari kamar madara. Ruwa ne, kuma ta murfin shan iska ya shiga. Na yi aikin injunan tashar jiragen ruwa ta Rotterdam, na san hannun wa ya zuba shi: nawa ne, wajen wanki. Zan sauya man idan na kammala shirin darasin da nake bayarwa a masallaci.

Alhamis, 11 ga Janairu
Haddou ya rasu da asuba. Allah Ya jiƙansa. Tare muka sauka ƙasar nan. Ɗansa Driss ya samo takardar izini, za a binne gobe bayan Juma'a.

Juma'a, 12 ga Janairu
Sanyi ya daskarar da magudanan ruwa. Motar ta haƙa kamu ɗaya, sai silindar hannun ta yi ta karkarwa, ta tsaya. Ruwan cikin man ya zama ƙanƙara, ya toshe matatar, famfo bai samu abin ja ba.
Muka ɗauki shebur. Ƙasa kamar dutse. Haddou yana kwance cikin motar gawa, matarsa Tamimount tana tsaye a sanyi, ta ƙi zama. Duhu ya riske mu, aka mayar da shi ɗakin sanyi.
Driss, da ke kirana Ammi, wato baffa, ya riƙe hannuna: "Ammi, kada ka damu, ƙaddara ce. Dubi tafinka, duk jini." Ya sumbaci goshina. Astagfirullah.

Asabar, 13 ga Janairu
An binne shi da hantsi. Aka ce in yi addu'a, na yi.

Lahadi, 14 ga Janairu
Ban ci kuskus ɗin sadaka ba. Tamimount ta aiko mini da shi har gida.

Talata, 16 ga Janairu
Na sayi mai da sabuwar matatar mai da sabon murfi. Aikin mutum ɗaya ne, amma na kira Driss ya riƙe mini bokiti, ba Mimoun ba. Ban san dalili ba. Driss makanikin manyan motoci ne. Da man ya fara zuba ya dube shi, ya daɗe.
"Ammi, tun yaushe?"
Na ce, "Tun kafin sabuwar shekara."
Bai saki bokitin ba har tankin ya tsiyaye. Da zai tafi ya yi mini sallama, bai sumbaci goshina ba. Na ci abinci yau.