Mijina Mai Aski Ya Kori Jama'a da Sharhin Ƙwallo da Siyasa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Maganar ba irin wadda zan kai wa dangina ba ce, don sai sun gama dariya kafin su tausaya mini. Ki sakaya sunana.

Maigidana mai aski ne. Shagonsa yana jikin gidanmu, bango ɗaya ya raba shi da kicin ɗina, don haka duk abin da ake faɗa a ciki ina ji ko ban so ba. Kujeru biyu ne a shagon, da dogon madubi, da bencin masu jiran layi, sai talabijin a sama wadda ba ta san wata tasha ba sai ta ƙwallo da ta labarai. Kujera ɗaya tasa ce, ɗayar ta babban ɗanmu, wanda ya koyi sana'ar a hannunsa, yanzu har ya yi aure, yana da 'ya ɗaya.

Tun kafin in aure shi yake goyon bayan wata ƙungiyar ƙwallo, ba zan faɗi sunanta ba kada a gane mu. Ƙungiyar nan rabonta da kofi tun ina goyon ɗan nan. Duk ƙarshen kakar wasa maganarsa ɗaya ce, baɗi namu ne. Ban taɓa damuwa ba. Namijin da ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya yawo, in ƙwallo ce kaɗai aibinsa ai sai godiya. Koci mutane suke kiransa, har ni bakina kan suɓuce in kira shi haka.

Abin ya lalace ne tun da rayuwa ta yi tsada, ya ɗauki ƙwallo ya gwama da siyasa. A wurinsa gwamnati ƙungiya ce, shugaba koci, ministoci 'yan wasa, mu kuma 'yan kallon da suka sayi tikiti aka hana su wurin zama. In man fetur ya tashi sai ya ce 'yan baya sun yi barci. Kwatar bakin titinmu da ta toshe, wai kansila ya cancanci jan kati. Ministan da bai taɓuka komai ba zuwa hutun rabin lokaci, a zaunar da shi a benci a sa wani. Har cewa yake a kawo na'urar nan da alƙalin wasa ke duba bidiyo a kafa a rumfar zaɓe. Wani abin gaskiya ne, ni kaina nakan yi dariya ina wanke-wanke. Amma in jam'iyyar da yake so ce ta tafka kuskure, nan take laifin ya koma kan alƙalin wasa, kamar dai yadda yake yi wa ƙungiyarsa.

Ga inda gizo yake saƙar, Anti. Ba ya fara sharhin nan sai ya kwantar da kan mutum baya, ya shafa masa kumfa, ya ɗora reza a maƙogwaro. Sannan ya zuba bayani, ya rufe da tambayar ko ba haka ba. To wa zai ce ba haka ba ne da reza a wuyansa? Kowa sai ya ce haka ne Koci, ta cikin haƙora, kada maƙoshi ya motsa. Shekara da shekaru yana tara wannan haka ne ɗin yana zaton ƙuri'a ce. Yakan shigo cin abinci yana gaya mini duk unguwar nan ra'ayinsu ɗaya da shi, ko mutum ɗaya bai taɓa musa masa ba. Ga shi in bakinsa yana aiki hannunsa ba ya yi, sai ya ɗaga injin askin sama yana nuni da shi. Askin da ya kamata a gama kafin shayi ya huce sai ya kai tsawon wasa har da ƙarin lokaci.

Akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, muna kiransa Baba Direba. Tun kafin a haifi ɗanmu a wurin Koci yake aski. Watan jiya ya zo da sauri, zai tafi bikin jikarsa. An yi rashin sa'a an lallasa ƙungiyar Koci kafin ranar, ya tashi da zafin kai. Koci ya aske rabin kan Baba, ranar bai ma jira reza ba, ya shiga cewa sabuwar hanyar da ake ginawa ɓarnar dukiya ce, kamar a sayi ɗan wasa mai tsada alhali gurgu ne. Ya ce ko ba haka ba. Da yake inji ne a kan Baba ba reza a wuya ba, sai ya samu bakin magana. Ya ce ba haka ba ne, shi ya bi tsohuwar hanyar da mota, ya san mutanen da ta ci. Koci ya kashe inji ya tsaya musu. Suna cikin haka aka ɗauke wuta. Injin mai batir kuma babu caji, don Koci ya zare shi ya jona wayar da yake sauraron sharhin wasanni da ita. Ɗanmu ya fita da nasa injin yi wa wani maras lafiya aski a gida. Koci ya ce bari ya ƙarasa da reza, Baba ya ce bayan wannan musun ba zai miƙa masa kansa da reza ba. Haka bawan Allah nan ya kifa hula a kan rabin aski ya tafi biki, kuma bai sake dawowa ba.

Labari ya zaga unguwa. Tun daga nan mutane suka samu ƙarfin hali. Benci ya cika, amma kowa kujerar ɗanmu yake jira. Koci zai kaɗe tasa da tawul ya ce wa ke biye, sai kowa ya sunkuya kan wayarsa, wani ya ce shi ba sauri yake ba. Rannan na leƙa ta ƙofa na ga mijina tsaye da tawul a kafaɗa, yana gyara kwalaben da ba su karkace ba. Wallahi sai da na koma kicin na yi kuka. Shi kuwa fassararsa daban. Wai maƙarƙashiya ce, magoya bayan ƙungiyar hamayya da 'yan ɗaya jam'iyyar ne suka haɗa baki don sun kasa ja da hujjarsa. Tunda ba shi da kan askewa, sai ya juya kan masu jiran layi yana yi musu sharhi, har wasu sun daina zuwa gaba ɗaya.

Makon jiya ɗanmu ya same ni ina girki. Ya samu shago kusa da tasha, ƙarshen watan nan zai tashi. Ya ce ya taɓa gwada yi wa ubansa magana, uban ya katse shi da cewa ɗan wasa ba ya koya wa koci aiki. Sai ya ce mini: "Mama, kunya nake ji ana layi a kaina Baba yana tsaye. In na zauna kullum ina ci masa fuska, in na tafi shagon ya mutu. Ke kaɗai yake jin maganarki, ki gaya masa."

Ni ina zan sa kaina? Mutumin nan bai taɓa yafe wa ɗan wasan da ya bar ƙungiyarsa ba. Akwai wanda hotonsa yake manne a shago, ranar da ya sauya sheƙa ya yage shi, har yau ba ya ambaton sunansa sai dai ya ce maci amana. Tsorona kada ya yi wa ɗan cikinsa irin wannan kallon. Ga shi yana fama da hawan jini. Na sha ɗaura niyya, in na buɗe baki sai ya riga ni da labarin kasafin kuɗi, in haɗiye tawa. In na yi shiru ɗana ya tafi ba sallama, in na yi magana ban san abin da zai fashe ba. Gaba kura baya sayaki. Wata kuma yana ta ƙarewa. Anti, yaya zan yi kada in rasa zumuncin uba da ɗa a gidana?

Uwa a tsakiya

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya a wajen hular Baba Direba, amma da na zo kan tawul a kafaɗa dariyar ta tsaya.

Mijinki ba mugu ba ne. Mutum ne da yake kallon kaya suna tashi, kwata tana toshewa, ba shi da ikon gyara ko ɗaya, abin da ya rage masa bakinsa ne. Ƙwallo ta ba shi harshen da zai faɗi ɓacin ransa, kuma irinsa suna da yawa a kowace majalisa. Yana da haƙƙin ra'ayinsa. Inda ya kuskure shi ne wurin faɗa. Wanda ya zauna a kujerar aski kansa ya kawo, bai kawo kunnensa ba, kuma amsar da aka karɓa da reza a wuya ba yarda ba ce. Sai dai ki duba, duk waɗanda suka yi ta ce masa haka ne don a zauna lafiya, su ma da hannunsu a ciki. Ba wanda ya taɓa gaya masa gaskiya sai Baba Direba, shi ma a ranar da bai dace ba.

Ɗanki ma yana da gaskiyarsa. Magidanci ne mai iyali, kuma ba cin amana ba ne wanda ya koyi sana'a ya buɗe nasa wurin, ai ribar koyarwa ke nan. Amma ya yi kuskure da ya ɗora miki saƙonsa. Kin haɗa kaya biyu a ka shi ya sa kika kasa tashi. Raba su za ki yi.

Naki kayan shi ne maganar kujera. Ki zaɓi ranar da ba a ci ƙungiyarsa ba, ya ci abinci, ya sha maganinsa, ku biyu a ɗaki, waya a ajiye. Ki ce masa kina da magana kuma kina roƙon ya bari ki kai aya. Kada ki yi masa da harshen ƙwallo don ki lallaɓa shi, zai mayar da ita musu kuma ya fi ki iyawa. Ki faɗa a fili cewa babu wata maƙarƙashiya, mutane sun gaji ne, kuma tsoron reza ke sa su amsa. Ki gaya masa kin gan shi tsaye kin yi kuka. Wannan zai fi shiga jikinsa fiye da kowace hujja. Zai yi fushi, wataƙila ya ƙaurace wa abincinki kwana biyu. Ki ƙyale shi ya huce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In ya sauko, ki nemi abu biyu. Na farko ya taka ya je gidan Baba Direba ya ba shi haƙuri, da injinsa a hannu, cike da caji. Unguwar da ta yaɗa labarin rabin aski ita za ta yaɗa wannan ma. Na biyu, in aiki yana hannu baki ya huta. Sharhi a fitar da benci waje bayan an tashi, inda wuyan kowa yake a sake, mai musu ya yi musu. Zai sha mamakin yawan waɗanda ba su yarda da shi ba, kuma ina zaton zai fi jin daɗin hirar.

Maganar tashi kuwa ta ɗanki ce, shi zai faɗa da bakinsa bayan taki ta kwana biyu. Ki gaya masa kada ya je da sanarwa, ya je da neman izini da albarka. Ya roƙi uban ya zo ya duba masa shagon, ya nuna masa inda madubi zai zauna da inda haske ya fi kyau. Uban da aka nemi shawararsa da wuya ya kira ɗansa maci amana. In mai ba da hayar sabon shagon zai yarda a ɗan jinkirta tashin, ya jinkirta, amma kada ki sa shi ya fasa.

Ba zan yi miki alkawarin kujerar maigidanki za ta sake cika ba. Wasu sun tafi ke nan, kuma mai yiwuwa shagon ya ragu ya zama na tsofaffin abokai kaɗai. Wannan ba a hannunki yake ba, ba kuma a hannuna ba. Abin da nake jin tsoro shi ne ya tsinci labarin tashin ɗansa a bakin mutanen benci, a gaban jama'a. In aka kai nan, gyaran zai yi wuya ƙwarai. Don haka kada ki jira ƙarshen wata, ki yi maganar a cikin makon nan, ko muryarki tana rawa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran maigidanki, ya sa ɗanku ya fita daga shagon nan da albarkar ubansa.