Zabuwar da Ta Waiwayo

Romi, Kaduna.

Zuwa ga ƙanwata Mary,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da dukan namu da ke nan Fatakwal. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Mu ma kowa lafiya. Kafin in shiga magana, ki dubi rubutun nan da kyau, domin hannuna ne, ba na wani ba. Na kammala ajin manya na cocinmu, malamarmu kuma ta shaida a gaban jama'a cewa ba ta taɓa koyar da dattijo mai natsuwa irina ba. Ina da waya, amma bai dace babban gida ya bar magana irin wannan a iska ba.

Kin riga kin ji cewa an sa ranar auren Hadassah, 'yar ƙanenmu marigayi Emmanuel. Yarinyar ta gaji ubanta. Da kwamfuta take tsara katin biki da allunan shaguna, har da takardar da ake manna wa burodi. Saboda haka muka bar mata zaɓen atamfar anko. Ta tafi kasuwa ta dawo da turmi guda, ta warware shi a tsakar gidana. Mary, nan take na gane shi. Shuɗin nan ne mai zabi jere-jere, dukansu sun fuskanci gaba, sai guda ɗaya ta waiwayo baya. Zanen Emmanuel na ƙarshe ne, wanda abokan aikinsa suka kawo mana ragowarsa bayan an rufe masaƙar da muke aiki ni da shi, muka ɗinka muka raka shi kabari da shi. Wannan na kasuwa kuwa wasu ne a ƙasar waje suka kwafa, launin bai kai ba, yadin kuma shara-shara, amma ko zabuwar nan ba su manta ba.

Ni na san wannan aiki, domin ni nake tsaye a gaban injin bugawa, shi yana ɗakin zane a sama. Idan ya zana tsakiyar takarda, sai ya yanka ta biyu, ya sauya gefe da gefe, ya manna, sannan ya cike gurbin da ya rage. Da haka ne idan ƙarfen bugawa ya juyo, ƙarshen zane zai haɗu da farkonsa, ba mai ganin mahaɗa. Yakan tsokane ni ya ce, ni Yaya ƙarfe kawai nake juyawa ina hura hanci, shi ne yake yi wa matan Kaduna ado yana zaune. Manajanmu ya ce zabuwar kuskure ce a gyara, Emmanuel ya ƙi, bai kuma gaya wa kowa dalili ba.

Tun ranar da aka warware turmin nan ban sake tafiya a garin nan ni kaɗai ba. A unguwar Television na ga zanen a jikin wata mai sayar da doya. A Unguwar Mu'azu na gan shi labule a ƙofar wani mai aski, iska tana kaɗa shi, zabuwar tana kallona. Na wuce ta gaban masaƙar, ciyawa ta fi ni tsawo, tagar ɗakinsa ba gilashi, amma hannunsa yana yawo a kasuwa. Sai na fara lura cewa bencin cocinmu wani ne ya auna yadda bayana zai jingina, matakalar asibiti wani ne ya yanke yadda zan ɗaga ƙafa. Da yawansu suna kabari, mu kuwa muna zama muna tashi yadda suka tsara.

A matsayina na babba na yanke cewa ba za a yi aure da kayan makoki ba. Na kira Hadassah na ce ta canja. Ta yi dariya ta ce Baba ya koyi rubutu jiya, yau ya zama gwamnan atamfa. Sannan ta natsu, ta bi yadin da yatsa tana neman mahaɗa, ba ta samu ba. Ta ce duk wanda ya zana wannan ya san aiki, kuma tun da ta hango shi a rataye take ji kamar ta san shi a wani wuri. Ba ta san komai ba, kin tuna tana goye aka yi jana'izar. 

Na tafi wurin uwarta Jemimah ina tsammanin za ta goyi bayana. Ta daɗe tana kallon turmin ba ta taɓa shi ba. Daga baya ta ce ba don mutuwa aka zana shi ba. Tana da cikin Hadassah ya zana, yana so ta ɗaura ranar da za a miƙa jaririyar a coci, amma ba a buga shi a kan lokaci ba. Zabuwar kuwa uwa ce, ta waiwayo ta ga ko ɗanta yana biye. Ta ce bayan jana'iza, da nata zanen ta goya yarinyar har ya yage, ba ta da ko ƙyalle. Ta ce a bar wa Hadassah zaɓinta, kowa ya ɗinka. Amma ita ba za ta sa na kwafi a jikinta ba, domin hannun mijinta bai taɓa shi ba. In kuwa babu na ainihi, za ta zauna a ɗaki ranar, ba za ta iya tsayawa a tsakiyar zabin nan da wani yadi daban ba.

Na bincika duk dangi. Nawa ya daɗe da ƙarewa, na sauran kuma haka. Sai na tuna ke kin ɗaura naki sau ɗaya, kika ninke kika sa a ƙasan akwati, kika ce shi ne abin da ya rage miki na Emmanuel, da shi za a rufe ki. Na san nauyin abin da nake roƙo. Ban taɓa roƙonki komai ba, umarni na saba ba ki, amma yau roƙo nake yi. Ki kawo zanen nan ki ba Jemimah, domin yarinyar nan kada ta juya a gaban bagaden coci ta nemi uwarta ta rasa. Jemimah ta yi alkawari, ranar da ta ɗaura shi, ita da bakinta za ta gaya wa Hadassah wanda ya zana.

Ki gaishe mini da maigidanki Samson, da yaranki Emma da Charity. Matata Rebecca tana gaishe ki, haka ma maƙwabcinmu Malam Nasiru tela, wanda ya ce ba zai sa almakashi a turmin kowa ba sai ya ji amsarki. Kafin ki amsa, ki buɗe akwatin, ki shimfiɗa zanen a kan gado, ki nemo zabuwar nan. Ki ga ko wa take kallo.

Ni ne yayanki, da hannuna,
Shekari.