Rigar da Al'ada Ba Ta San da Ita Ba

Talata, 7 ga Janairu

Yalini ta ce doguwar rigar Turawa za ta sa a liyafar yamma ta bikinta. Ba sari ba, zanenmu na gado. A bakin ƙofar kicin ta faɗa, tana cin ayaba, kamar mai cewa gishiri ya ƙare.

'Yar da na haifa a Madurai, a kudancin Indiya.

Sarin safe na riga na haƙura da shi. Tun da babanta ya rasu na san ranar ɗaurin aure matan da mazajensu ke raye ne za su naɗa mata sari, ni ina gefe. Rashin hankali ne, amma na haɗiye. Na yamma kuwa nawa ne. Ni na je Kancipuram, garin masaƙan siliki, na zaɓo shi, kore mai bakin zinariya, ni zan jera mata ninkin gaba da hannuna. Abin da ya rage mini ke nan a bikin 'yata tilo.

Ba za ta sa rigar nan ba. Na taɓa sa shugaban kwalejinmu ya janye magana a gaban taro, balle Yalini.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na yi mata bayanin masaƙa, da tsoffin waƙoƙin yarenmu na Tamil da ke kwatanta laushin silikinmu tun Turawa suna ɗaura fata. Ta saurara har ƙarshe.

"Mama, kin gama? Ko akwai jarrabawa?"

Ta nuna mini hoton a waya. Gidan sauro ne aka yi wa hannu. Launin madarar da ta kwana. Bayanta ƙananan maɓallai tun daga wuya har ƙugu. Wane mahaukaci ne ke ɗinka tufar da mai ita ba za ta iya rufewa da kanta ba?

Talata, 14 ga Janairu

Bikin girbi. Tukunyar madara ta tafasa ta zubo yadda ake so. Ni da Yalini ba mu yi magana ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Na je gidan surukai neman goyon baya. Tamarai, uwar ango, mace ce mai sanyi, kofin da take dafa wa baƙi ma haka. Yayar mijinta, Gwaggo Ponni, ita ce mai gidan a gaskiya. Tana kan lilo, ƙafa ɗaya a naɗe.

Ban gama ba ta tafa hannu. "Na ce muku uwar amarya malama ce, ba za ta yarda da tsiraici ba. Sari za a sa. Mu za mu naɗa mata, ni da Tamarai da 'yan uwa."

Na ce na yamma nake nufi.

"Na yamman nake nufi ni ma, 'yar nan. Sabon siliki ne, ranar aure ce. Ke kin san hannunki. Ki zauna ƙasa ki karɓi baƙi, kin iya Turanci."

Kin san hannunki. Hannun da ya yi jinyar mutum har ya rufe masa ido.

Na tambaye ta a wane littafi aka rubuta. Ta ce ba sai an rubuta ba. Na ce, to rigar fa, wa zai sa mata?

"Wannan ai ba tufa ba ce. Ko mai shara ya sa mata. Tun watan jiya na gaya wa yarinyar haka da ta tambaya."

Da ta tambaya.

Ban shanye kofin ba. A motar haya sai da na wuce tasharmu.

Talata, 21 ga Janairu

Sun riga ni. Sun buga wa Yalini sun ce uwarki ta zo da ƙafarta ta roƙi sari, magana ta ƙare.

Ta shigo ko takalmi ba ta cire ba. "Wa ya aike ki?"

Na ce ita wa ya hana ta buɗe baki ta gaya mini?

"In ce miki me? In ce sun ce kada ki taɓa ni? Da kin ƙone gidansu."

Ƙarya ne. Da lilon kawai zan ƙona.

Ta yi kuka, ta ce ita dai rigar tana burge ta, kada in ɗauka duk don ni ne. Wannan na yarda. Tun tana ƙarama ba ta da ido a kan tufa, na babanta ta ɗauko.

Laraba, 22 ga Janairu

Har yanzu rigar mummuna ce. A rubuta.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na koma. Na sa farin sari mai sitaci, wanda nake sawa ranar da zan kayar da ɗalibi.

Na gaishe da Gwaggo da ladabi, har na taɓa ƙafarta. Sannan na ce na yi tunani, sari ya fi, kamar yadda ta faɗa. Sai dai ni zan naɗa shi. In an kulle mini ɗakin amarya, zan jira ta hau dandamali, in warware ninkin in sake jerawa a gaban masu hoto da duk dangin da suka zo daga garin Tirunelbeli. Na ce ta san zan iya, ta tambayi duk wanda ya yi ajina.

Lilon ya tsaya.

Tamarai tana kallon fanka, leɓenta yana rawa. Na rantse dariya take riƙewa.

Can Gwaggo ta ce, "Yaran yanzu... a bar ta ta sa abin da take so. Sha'ani na yamma ai ba ibada ba ne."

Na ce yadda babba ta ce haka za a yi.

Da zan fita Tamarai ta cusa mini ƙunshin furen yasmin a jaka. "Na amarya ne, Yaya. Ko na duk mai so." A wurinmu ba a bai wa matar da mijinta ya rasu fure. Na fara tunanin kofin nata da gangan take ɓata shi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Da safe na tsaya jikin ginshiƙi. Ganga, algaita, hayaƙi, shinkafa ta ko'ina. Ta tsakanin kafaɗun mutane na ga ango ya ɗaura mata zaren aure a wuya. Ninkin sarinta ya karkace hagu. Mata har nawa a ɗakin, ba wadda ta gani. Ban ce komai ba, kuma ya kamata wani ya ba ni lambar yabo.

Da la'asar mai kwalliya ta miƙa hannu za ta rufe rigar. Yalini ta ce, "Bari, uwata tana nan." Ta kori kowa.

Maɓallan sun fi ƙwayar barkono ƙanƙanta. Na manta tabarau a jaka, da lalube na yi. Kurkum ɗin zaren wuyanta ya riga ya shafi wuyan rigar, ya bar tabon rawaya. Ta ce a goge. Na ce kurkum ba ya fita, gara ma, rigar ta sami launi.

Bayanta yana da zafi kamar lokacin da take zazzaɓi tana ƙarama. Na kai tsakiya na ga na tsallake ɗaya. Sai da na kwance na sake daga sama.

"Mama, da gangan kika yi?"

Na ce ta tsaya cak ta daina surutu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gidan shiru. Na dafa shinkafar mutum biyu, mantuwa.

Ta bar rigar a nan, wai ba wuri a akwati. Na shanya ta a inuwa, na naɗe ta a farin ƙyalle da busasshen ganyen darbejiya, na sa ta a kabad, a saman silikin uwata. Ba wani wurin ne a gidan, shi ya sa.