Kwamfutar Lauratu da Randar Gaoui

Chagoua, 3 ga Afrilu 2008

Inusa ɗana,

Assalamu alaikum. Yaya Dubai, yaya kasuwa, yaya jikinka? Mu lafiya lau. 'Yarka Lauratu ke rubuta mini.

Saƙonka ya iso. Ka ce ta yi haƙuri da tsohuwar kwamfutar, wai an ƙera sababbi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, ba sa zafi, batirinsu na daɗewa, amma ba su shigo kantunanku ba tukuna. Ban san ƙwaƙwalwar ƙarfe ba. Na dai san wannan da ke ɗakina zafi take kamar murhu, tana huci. Kuran ɗin ma, wato lantarki, sai ya kwana biyu bai zo ba. Ina tsoron ranar da za ta kama wuta, ga katifa kusa. Lauratu dariya take, ta ce littafinta na gama jami'a duk yana ciki, wata mai zuwa za ta kai wa malamai.

Allah ya yi maka albarka.
Uwarka, Rahmatu

17 ga Afrilu

Inusa,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Wannan Zaliha maƙwabciya ce ke rubutawa, kada ka faɗa wa Lauratu.

Ranar Talata Lauratu ta tafi makaranta ta bar kwamfutar a kunne. Na taɓa, ta kusa ƙona ni. Na yi mata abin da muke yi wa ruwa: na jiƙa buhu na naɗe ta, na ɗora a bakin randata, ginin ƙauyen Gaoui. Hucin ya tsaya, na ji daɗi. Kafin ta dawo na goge ta na mayar. Tun ranar ba ta tashi ba.

Lauratu ta ce zafi ne ya kashe ta, kai ka ja da jiran sababbi. Shi ya sa ba ta ɗaukar wayarka. Mai gyara ya ce bai san ciwon ba, ba zai buɗe da ka ba, kada rubutun ya tafi. Ni ban faɗi maganar buhun ba. Abinci ba ya shiga.

Uwarka, Rahmatu

22 ga Afrilu

Inusa,

Gaisuwa mai yawa, yaya gajiya? Zaliha ta ce ba ta ƙara rubuta mini ɓoye-ɓoye, don haka Lauratu ce riƙe da biro. Na ce ta rubuta duk abin da ya fito bakina, kada ta tsaya.

Ba zafi ba ne. Ruwa ne. Ni na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ubanki ba shi da laifi, ke rubuta haka.

Ta ajiye biron, ta fita, ta daɗe. Yanzu ta dawo daga wurin mai gyara. Ya ce da an faɗa masa ruwa ne tun farko da bai ɓata mako ba. Ya ciro abin da rubutun ke ciki, bai jiƙe ba. Kwamfutar dai kalas, ta mutu.

Saura kwana goma sha takwas ta kai littafin. Kada ka jira mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Sayi wadda ke kanti yau, ka ba mai zuwa. Ko ta yi zafi kamar garwashi, ba zan taɓa ba.

Ta ce in ka kira za ta ɗauka. Ni har yanzu ba ta dube ni ba, amma ta zuba mini shayi.

Uwarka, Rahmatu